Sharhi: abin da na tarar a rumbun mujallar Indonesia ta Jami'ar Cornell

Yawancinmu iyakar saninmu da Indonesiya shi ne alhazansu da muke gani a Harami cikin tsari da natsuwa, sai kuma labarin cewa babu ƙasar da ta kai ta yawan Musulmi na tsawon shekaru. Wanda yake son ya wuce nan, ya san yadda aka yi siyasar ƙasar da yadda aka zubar da jini a cikinta, ina ba shi shawarar ya nemi rumbun wata mujalla mai suna Indonesia da Jami'ar Cornell ta Amurka ke bugawa. Na daɗe ina amfani da shi, kuma na ƙaru ƙwarai.

Mujallar ta fara fitowa a 1966, sau biyu a shekara, a watan Afrilu da na Oktoba. Tsofaffin fitowarta suna nan a ma'ajiyar jami'ar ta intanet mai suna eCommons, kyauta, kowace maƙala da kundinta na PDF. Ba sai ka sauke mujallar gaba ɗaya ba, ka ɗauki wadda kake so ka bar sauran, wanda hakan sauƙi ne babba ga mai lissafin data. Ni a waya nake saukewa, in karanta a kwamfuta, domin rubutun tsofaffin shafukan ƙanana ne, ga bayanan ƙasan shafi da wani lokaci sukan cinye rabin takarda.

Maƙalar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda Benedict Anderson, malamin jami'ar kuma masanin siyasar Indonesiya, ya fitar a fitowa ta 43, Afrilun 1987, a kan yadda janar-janar ɗin Indonesiya suka mutu. Da asubahin 1 ga Oktoba 1965 wasu sojoji suka kashe janar shida, ciki har da shugaban sojan ƙasa Ahmad Yani, da wani laftanar guda, aka jefa gawarwakinsu a wata tsohuwar rijiya a Lubang Buaya, gefen Jakarta. Jaridun soja suka yi ta yaɗa cewa matan ƙungiyar Gerwani, mai alaƙa da jam'iyyar kwaminisanci ta PKI, sun ƙwaƙule musu idanu, sun yanke musu al'aura. Wannan labari ya tunzura jama'a matuƙa. Cikin 'yan watanni aka kashe mutanen da masana tarihi da yawa ke ƙiyasta sun kai rabin miliyan, aka kama wasu dubbai aka tsare ba shari'a, daga nan Janar Suharto ya karɓe ragamar ƙasar daga hannun shugaban ƙasa Sukarno, bai sauka ba sai Mayun 1998.

Abin da Anderson ya yi shi ne ya fassara rahoton likitocin da suka binciki gawarwakin bisa umarnin Suharto da kansa, ya ajiye shi gaban mai karatu. Gawa bayan gawa, likitocin sun lissafa inda harsashi ya shiga, inda ƙashi ya karye, yadda zama cikin rijiya ya lalata jiki. Babu ƙwaƙular ido, babu yankan al'aura. Ina karanta waɗannan shafukan jikina ya yi sanyi, domin rahoton yana hannun hukuma tun farkon Oktoban, amma aka bar ƙarya tana yawo har ta ci rayukan bayin Allah, manoma da malaman makaranta da ma'aikatan gonakin rake. Wannan ne ya sa na yarda da mujallar: tana kawo maka takardar asali, ta bar ka ka auna da kanka. Shi Anderson ma an hana shi shiga Indonesiya tun 1972 saboda rubuce-rubucensa a kan wannan lamari, sai bayan faɗuwar Suharto ya sake taka ƙasar.

Akwai kuma jerin bayanan da editoci suka yi shekaru suna fitarwa a kan manyan hafsoshin soja: wane ne aka naɗa, ina aka tura shi, daga wane yanki ya fito, da wa suka yi aji ɗaya. Karatu ne busasshe, amma duk ɗan Najeriyar da ya rayu a zamanin mulkin soja zai gane amfaninsa nan take.

Sai dai mai shiga ya shirya. Turancin na malaman jami'a ne, kuma marubutan suna ɗauka ka riga ka san Pancasila, ginshiƙai biyar da aka kafa ƙasar a kansu, ka san rantsuwar matasa ta 1928 da ta zaɓi harshe ɗaya ga tsibirai dubbai. In ba ka sani ba, fara da taƙaitaccen tarihin ƙasar kafin ka zo nan. Na kuma lura cewa a tsofaffin fitowar da na bi, siyasa da soja da al'adun mutanen tsibirin Jawa sun fi rinjaye. Ni kuwa na fi ƙishirwar sanin ƙungiyoyin Musulunci, wato Muhammadiyah da Ahmad Dahlan ya kafa a Yogyakarta a 1912, da Nahdlatul Ulama ta 1926, da makarantun kwana na pesantren inda ɗalibai ke zama wurin malami suna karanta littattafan fiƙihun Shafi'iyya. Ana samun maƙalu a kansu, amma sai ka yi haƙurin bincike, ka rubuta sunan ƙungiyar ko na malami kamar Abdurrahman Wahid a gurbin nema. Yawancin marubutan farko kuma baƙi ne masu kallon ƙasar daga waje, don haka ina haɗawa da rubutun 'yan ƙasar a duk inda na samu.

Ga ɗalibin tarihi ko kimiyyar siyasa da ke neman abin kwatantawa da Najeriya, ƙasa mai man fetur da ƙabilu barkatai da dogon mulkin soja, rumbun nan zai wadatar da shi. Ya fara da fitowa ta 43, sannan ya koma ta farko, inda Anderson ya yi rubutu a kan harsunan siyasar Indonesiya.