Filogin Wi-Fi da firizar zoɓona: abin da na gani

Ni malamar makaranta ce a nan Kaduna, bayan aiki kuma ina sayar da zoɓo, kunun aya da ƙanƙara. Jarin sana'ar kaf yana cikin firiza ɗaya, kuma kunun aya ba ya yafiya: in sanyi ya yanke masa na wasu awanni, ya yi tsami, sai zubarwa. Tun safe nake barin gida, ba na dawowa sai bayan azahar, ban san ko an kawo wuta ba, ban san ko an ɗauke ba. Wannan ne ya sa na sayi filogin nan da ake sarrafawa da waya, kuma a kan wannan buƙatar na auna shi.

Ɗan ƙaramin abu ne mai ƙafa uku irin na soket ɗinmu. Za ka cusa shi a bango, sannan ka cusa filogin na'urarka a jikinsa. A ciki akwai makunni da ke karɓar umarni ta Wi-Fi, sai manhaja a waya da ke ce masa kunna ko kashe. A kasuwa za ka ga na TP-Link da ake kira Tapo, za ka kuma ga tarin wasu masu sunaye barkatai waɗanda yawancinsu ke aiki da manhajar Smart Life ta kamfanin Tuya na ƙasar Sin. Wasu kunnawa da kashewa kawai suke yi. Wasu kuma suna auna wutar da na'ura ke ci. In za ka saya, ƙara kuɗi ka ɗauki mai aunawa, domin a wajena rabin amfanin yana nan.

Ƙanena ne ya haɗa mini shi. Da farko ya ƙi kama intanet ɗin gidan, sai ya ce, "Yaya, waɗannan filogan ba sa ganin layin 5GHz, sai 2.4." Ya gyara saitin, nan take ya kama. A gidan muna da ƙaramar na'urar intanet ta MiFi mai batirinta, ita nake bari a jone. Datar da filogin ke ci ba ta taka kara ta karya ba.

Amfanin farko da na samu shi ne sanin halin da gida ke ciki. Lokacin tara, idan yara sun fita, sai in duba waya. In na ga filogin yana kan layi, ga adadin wat ɗin da firiza ke ja yana motsi, hankalina ya kwanta. In na ga ya sauka daga layi, to an ɗauke wuta, tunda shi ma da wutar yake rayuwa. Sai in kira yarinyar da ke taya ni aiki in ce kada a buɗe firiza ko sau ɗaya, ko kuma in yamma ta gabato a tayar da janareta. A da sai na dawo nake tarar da ɓarna. Yanzu tun ina makaranta nake yanke shawara.

Akwai wani saiti da mai shago ba zai gaya maka ba, alhali a ƙasarmu ya fi kowane muhimmanci. Shi ne abin da filogin zai yi idan wuta ta dawo bayan an ɗauke. Zaɓi uku ne: ya tashi a kashe, ya tashi a kunne, ko ya koma yadda yake kafin a ɗauke. A ƙasashen da aka ƙera shi dominsu, ɗaukewar wuta abu ne na shekara-shekara, don haka saitin yana can a ɓoye cikin manhaja. Mu kuwa a rana ɗaya sai a ɗauke a dawo ba adadi. Na firiza da firji dole ya zama a kunne, in ba haka ba wuta za ta dawo gari, fanka na juyawa, firiza kuma tana zaune shiru kaya na narkewa. Na dutsen guga da butar dafa ruwa dole ya zama a kashe. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san labarin gidan da aka bar dutsen guga a jone bayan an ɗauke wuta, aka fita unguwa, wuta ta dawo babu kowa. Ko don wannan kaɗai, na ga ya cancanci kuɗinsa. Na kuma sa wa na gugar ƙidayar minti 40, da ta cika ya yanke da kansa.

Sai maganar yunit. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka ware wa wuta mafi yawan awanni a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya a shekarar ya koma naira 209.5, kowa ya koma kallon mitarsa da ido biyu. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. To abin da ke cin wat 1,500, kamar hitar ruwa, in ya yi awa guda ya lashe yunit ɗaya da rabi, sama da naira 300 ke nan a wancan farashin. Da hunturu, a gida mai yara, lissafa ka gani. Na riƙa ɗaukar filogin ina zagayawa da shi daga wannan na'ura zuwa waccan. Cajar waya da maigida ke yawan faɗa a kanta, ashe abin da take ci bai kai a yi magana ba. Talabijin da dikoda in an kashe su da rimot suna ci gaba da tsotsa kaɗan-kaɗan dare da rana. Manyan masu cin dai su ne duk wani abu da ke yin zafi.

Firizar ce ta fi koya mini darasi. Idan injinta ya tashi, lambar da ke kan waya sai ta yi tsalle sama na ɗan daƙiƙu, sannan ta sauko ta zauna a ɗari da 'yan kai. Bayan wani lokaci ta faɗi kusan sifiri, injin ya huta ke nan. Ranar da aka jera robobin zoɓo da sauran ɗuminsu, na ga lambar ta ƙi sauka har dare, injin bai huta ba. Daga ranar muke barin zoɓon ya huce sarai a cikin baho kafin a ɗura. Haka kuma na lura hutun injin ya yi gajarta ko da ba a zuba sabon kaya ba. Da muka duba, robar bakin murfin ce ta saki ta gefe ɗaya, sanyi na zurarewa. Mai gyara ya canza ta, hutun ya dawo daidai. Da kunne kaɗai ba zan taɓa gane wannan ba.

Inda abin ya gaza ma yana da yawa, kuma gara a sani kafin a kashe kuɗi. Ba stabilaiza ba ne. In wuta ta zo da ƙarfi fiye da kima ko ta zo rabi, ba zai daidaita ta ba, shi kansa yana iya ƙonewa. Don haka ban cire na'urar kare firizata ba, wadda ke jinkirta wuta na 'yan mintuna kafin ta sake ta ga injin. Ita ce a bango, filogin a jikinta, sannan firiza. Ba ya kuma aiki da kowace na'ura. Shi wuta kawai yake saki ko ya riƙe, saboda haka abin da sai an latsa maɓalli ko rimot yake tashi, kamar injin wanki da wasu fankokin zamani, ko ka kunna daga waya zai tsaya yana jiran hannu. Fitilar tsakar gida da fanka mai makunnin murɗawa su ne suka fi dacewa da shi. Fitilarmu yanzu da magariba take kamawa, bayan asuba ta mutu.

Intanet ma wani sharaɗi ne. In data ta ƙare ko batirin MiFi ya mutu, daga nesa ba ka da iko da komai, sai dai wanda ke gida ya latsa ɗan maɓallin da ke gefensa. Na kuma lura idan wuta ta dawo intanet bai riga ya tashi ba, jadawalin da na tsara yakan kuskure lokaci har sai filogin ya sake samun layi. Manhajar da Turanci take, na'urorin da ake ba umarni da murya su sarrafa shi kuma ba sa jin Hausa. Surukata da muke zaune tare ta ce, "'Yar nan, ni dai bar mini makunnina na bango." Tana da gaskiya. Ɗakinta ban taɓa shi ba.

Filogi na biyu da na saya mai araha ne, ko sunan kamfani babu a kwalinsa. An rubuta amfiya 16 a jiki, wato yawan wutar da zai iya ɗauka, amma da na jona butar ruwa, kafin ruwan ya tafasa robar ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta, har da ɗan ƙauri. Na cire shi, yanzu fitila kawai yake ɗauka. Soket ɗinmu mai ƙafa uku iyakarsa amfiya 13 ne, wato kusan wat 3,000 a kan wutarmu ta bolt 230, kuma mai amfiya 10 bai wuce wat 2,300 ba. Rubutun jikin kwali ba hujja ba ne, a taɓa shi da hannu bayan ya yi 'yan mintuna yana aiki.

Na so in sa wa injin jan ruwan rijiyar burtsatse, domin tanki ya riƙa cika muna barci in an kawo wuta da tsakar dare. Mai gyaran wutarmu ya hana. Ya ce, "Hajiya, injin nan doki ɗaya ne, wat 750 ko kusa, amma a lokacin tashi yana jan ninkin wannan sau da yawa. Ɗan makunnin da ke cikin filogin zai iya narkewa ya manne, ki kashe a waya injin ya ci gaba da aiki." Ya ce in dole ne, sai a sa kontakta, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa, ta ɗauki nauyin injin, filogin ya zama mai ba ta umarni kawai, a kuma sa abin da ke yanke injin in tanki ya cika. Haka ya ce game da na'urar sanyaya ɗaki. Hitar da ake tsomawa a bokiti kuwa ya ce kada ma in fara, domin in ta kama ba ta cikin ruwa, gobara ce. Mun yi da shi zai kawo kontaktar ƙarshen wata, in albashi ya shigo.