Universal Credit da mai ƙaramar sana'a: tallafin da ke lissafa ribar da ba a ci ba

Tun a shekarar 2013 gwamnatin Birtaniya ta fara aiki da tsarin tallafi na Universal Credit, wanda ya haɗe tsofaffin tallafi guda shida, ciki har da na kuɗin haya, da na marasa aikin yi, da na ma'aikata masu ƙaramin albashi, ya mayar da su kuɗi guda da ake biya sau ɗaya a wata. Iain Duncan Smith, wanda ke riƙe da Ma'aikatar Ayyuka da Fansho a wancan lokaci, shi ne ya tsaya kai da fata a kan tsarin, hujjarsa kuwa ita ce kada zaman gida ya fi fita nema amfani. An sha yin rubuce-rubuce a kan yadda tsarin ke tafiya da mai albashi da kuma wanda ba shi da aiki, amma ni na dube shi ne ta wajen mutumin da ke tsakaninsu, wato mai sana'ar kansa: tela, mai kitso, direban tasi, mai gyaran famfo, mai ɗaukar hoto a wajen bukukuwa. Masu sana'ar kansu sun haura miliyan 4 a ƙasar, kuma da yawa daga cikinsu hannu baka hannu ƙwarya suke rayuwa. Abin da na gani shi ne hidima mai sauƙin shiga, mai rufin asiri a shekarar farko, amma wadda ke juya wa mai ƙaramar riba baya da zarar wata na goma sha uku ya kama.

Wajen neman tallafin babu abin ƙorafi sosai. A intanet ake cike komai, kuma kowane mai nema yana samun shafinsa inda zai ga yadda aka yi lissafin kuɗinsa layi bayan layi, tare da wani kundi da yake aika saƙo ga jami'in da ke kula da shi a ofishin Jobcentre Plus, wato ofishin gwamnati mai kula da masu neman aiki da tallafi. Wannan fayyace lissafi abin yabo ne, domin mutum yana iya ganin inda aka rage masa da dalilin ragin. Jiran kuɗin farko ne ke da ciwo, don yana ɗaukar kimanin mako biyar, abin da ake bayarwa kafin nan kuma bashi ne da za a riƙa cirewa daga baya. Wanda ke da ajiyar da ta wuce fam 16,000 bai cancanta ba, daga fam 6,000 kuma ake fara rage wa mutum, sai dai kayan aiki da kadarar sana'a ba sa shiga wannan lissafi, wanda hakan daidai ne. Ya kamata baƙi su kula da wani abu tun kafin su taɓa fom: wanda bizarsa ke ɗauke da sharaɗin hana cin kuɗin tallafin gwamnati ba ya cikin masu nema, kuma karɓa na iya jefa zamansa a ƙasar cikin matsala. Mai buƙatar jagora yana iya zuwa wajen ƙungiyar Citizens Advice, wadda tun 2019 take taimaka wa masu nema kyauta har su karɓi kuɗinsu na farko.

Bayan an cike fom sai a kira mai sana'a zuwa ganawa, inda jami'i zai tantance ko sana'ar tasa ta gaske ce: ita ce babbar hanyar samunsa, tana da tsari, ana yin ta a kai a kai, kuma da niyyar cin riba ake yin ta. Ana zuwa da rasidai, da bayanin asusun banki, da lambar haraji, da duk wata shaida ta masu sayen kaya ko aiki. Akwai abin mamaki a wannan jarrabawa, domin wanda ya faɗi za a tilasta masa neman aikin albashi amma za a yi masa lissafi da ainihin abin da ya samu, wanda ya ci kuwa an ɗauke masa neman aiki amma shi ne zai gamu da ƙa'idar da zan yi bayani a ƙasa. Gaba kura ke nan, baya sayaki, kuma mutane da dama ba sa gane haka sai sun ga kuɗinsu ya ragu.

Shekarar farko ita ce inda tsarin ya fi kyau. Ana ba mai sana'a wata 12 na kafuwa, a cikinsu da ainihin ribarsa ake lissafi, ba a matsa masa ya nemi wani aiki, abin da ake buƙata kawai shi ne ya riƙa ganawa da jami'insa duk bayan wata uku yana nuna ƙoƙarin da yake yi na bunƙasa sana'ar. A kan kowane fam 100 na riba ana rage fam 55 daga tallafi, adadin da ya sauko daga 65 na farko zuwa 63 a 2017, sannan zuwa 55 a ƙarshen 2021. Mai 'ya'ya ko mai larurar da ta rage masa ƙarfin aiki yana da wani kaso na samunsa da ba a taɓawa kafin a fara ragin. Ga wanda ya fara sana'a da ɗan jari, wannan shekara tana iya zama abin da zai riƙe shi har ya samu masu ciniki. Sai dai ba a sake ba mutum irin wannan dama sai bayan shekara biyar, kuma sai in wata sana'a ce daban.

Daga nan ne ma'aunin mafi ƙarancin samu ke fara aiki, kuma shi ne zuciyar maganar. Hukuma tana ɗaukar mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka na awa guda, ta ninka shi da awannin da take sa ran mutum zai yi aiki, galibi 35 a mako, ta mayar da shi lissafin wata, ta cire abin da ya kamata ya zama haraji da kuɗin inshorar ƙasa, sannan ta ƙaddara cewa abin da ya rage shi ne mafi ƙarancin abin da mai sana'a ya samu, ko ya samu ko bai samu ba. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama ya zama fam 12.21 a awa, wanda ya sa ma'aunin ya kai kimanin fam 1,640 a wata bayan cire haraji a wancan lokaci. Duk shekarar da aka ƙara mafi ƙarancin albashi ma'aunin yana tashi tare da shi, don haka ƙarin da ma'aikaci ke murna da shi ragi ne a aljihun tela, alhali babu wanda ya ƙara masa kuɗin ɗinki.

Mu ɗauki mai kitso wadda ribarta ta tsaya a fam 900 kowane wata. Hukuma za ta yi mata lissafi kamar ta samu 1,640, wato an ɗora mata fam 740 da ba su taɓa shiga hannunta ba, kuma kashi 55 cikin ɗari na wannan shi ne fam 407 da za ta rasa duk wata. Domin a gane girman abin, ainihin kason da ake ba mutum guda mai shekara 25 zuwa sama a shekarar 2025 fam 400.14 ne, ke nan ragin ya cinye kason nata gaba ɗaya har ya taɓa kuɗin haya. Maƙwabciyarta da ke karɓar albashin fam 900 a wani kanti kuwa, da fam 900 ɗin za a yi mata lissafi, iyakaci a nemi ta ƙara ƙoƙarin samun awanni.

Wanda ya fi ba ni takaici ma shi ne mutumin da sana'arsa ba ta gaza ba, kasuwa ce kawai ke hawa da sauka. A ce mai ɗaukar hoto ya samu fam 600 a watan da babu bukukuwa, ya samu 2,680 a watan da ya biyo baya. Jimillar samunsa 3,280 ne, daidai da ma'aikacin da ke karɓar 1,640 sau biyu. To amma a watan farko za a ɗaga shi zuwa 1,640, a wata na biyu kuma a lissafa masa 2,680 ɗinsa cif, sai ya zama an yi masa hukunci a kan fam 4,320. Idan kason nasa mai yawa ne saboda haya da yara, bambancin fam 1,040 ɗin nan zai ci masa fam 572 a cikin wata biyu kacal. A watan rashi ana lissafi da ƙiyasi, a watan samu ana lissafi da gaskiya, kuma duka biyun a kansa suke ƙarewa. Manomi, da mai gyaran lambu, da ɗan wasan kwaikwayo, da duk wanda aikinsa ke bin yanayin shekara, haka suke fama.

Ba zan ce gwamnati ba ta da hujja ba. Kuɗin masu biyan haraji ne, kuma ba daidai ba ne a yi shekara da shekaru ana tallafa wa sana'ar da kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, ko a bar ƙofa a buɗe ga mai ɓoye cinikinsa ya ce bai samu komai ba. Inda na saba da masu tsarin shi ne a kan tsawon ma'aunin, ba a kan kasancewarsa ba. A tsohon tsarin tallafin masu ƙaramin samu, wanda aka rufe a Afrilun 2025, da kuɗin shekara ake lissafi, haka kuma hukumar haraji ta HMRC har gobe da shekara take aunawa. Wata guda ma'aunin mai albashi ne, ba na ɗan kasuwa ba. Kwamitin majalisar dokoki mai sa ido a kan ayyuka da fansho, a ƙarƙashin Frank Field, ya faɗi kusan haka a rahotonsa na 2018, inda ya nemi a tsawaita lokacin kafuwa kuma a yi la'akari da hawa da saukar samu. A 2019 an ƙalubalanci ƙa'idar a Babbar Kotu amma ba a yi nasara ba. Da annobar korona ta zo a Maris na 2020 gwamnati da kanta ta dakatar da ma'aunin, ba ta dawo da shi ba sai daga Agustan 2021, wanda a ganina amincewa ce a fakaice cewa rashin ciniki ba kullum laifin mai sana'a ba ne.

Sai kuma ɗawainiyar rahoton wata-wata. Dole mai sana'a ya shigar da abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙarshen kowane watan lissafinsa, ko da bai samu ko sisi ba, in kuwa ya yi jinkiri kuɗinsa zai tsaya. Fom ɗin kansa ba shi da wuya, wanda ke ajiye rasidai zai gama shi a zama ɗaya. Matsalar tana cikin ƙa'idar cewa ranar da kuɗi ya shiga hannu ita ce ranarsa, ba ranar da aka yi aikin ba, don haka idan masu bashi uku suka biya a mako guda sai ya zama kamar an yi gagarumin ciniki. Abin da aka yarda a cire a matsayin kuɗin gudanar da sana'a ma bai yi daidai da na hukumar haraji ba a ko'ina, misali ruwan bashin sana'a ba a cire fiye da fam 41 a wata, mai amfani da ƙaramar mota kuma da tsayayyen farashi na kowane mil ake yi masa lissafi maimakon kuɗin sayenta. Mutumin da ba shi da halin ɗaukar akanta ya zama yana riƙe da littattafan lissafi biyu ga hukumomi biyu na gwamnati ɗaya. Tun 2018 an yarda a ɗauki asarar wani wata zuwa na gaba, kuma ci gaba ne, sai dai amfaninsa kaɗan ne ga wanda ma'aunin ya riga ya hau kansa, tunda komai asararsa ba za a lissafa shi ƙasa da ma'aunin ba.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani game da haraji. Ana cire harajin da mai sana'a ya biya daga samunsa na watan da ya biya shi ne kawai. Wanda ya tara ya biya dunƙule kafin 31 ga Janairu zai ga ribarsa ta wannan wata ta faɗi ƙasa warwas, ma'aunin ya ɗaga ta, cirewar ta tafi a banza, alhali a sauran watanni an lissafa masa kuɗin da na haraji ne ba nasa ba. HMRC tana da tsarin biyan haraji kaɗan-kaɗan kowane wata tun kafin lokacinsa ya yi, kuma ga wanda ribarsa ke ɗan sama da ma'aunin wannan ya fi masa. Haka nan sayen babban kayan aiki ya fi dacewa da watan da ciniki ya yi kyau.

Ba kowa ma'aunin ke hawa ba. Wanda aka tabbatar larura ta rage masa ƙarfin aiki, da mai jinyar naƙasasshe na awanni masu yawa, da mai renon yaron da bai kai shekara uku ba, da ainihin samunsu ake yi musu lissafi. Mai kula da yaro ɗan shekara 3 zuwa 12 kuma awanninsa ba sa wuce 30, ana ma iya rage su gwargwadon halin da yake ciki, kowace awa da aka rage kuwa tana sauke ma'aunin. Ga ma'aurata, idan ɗaya yana samun fiye da abin da ake sa ran zai samu, rarar tana rage wa ɗayan nauyi. Saboda haka adadin awannin da aka rubuta a yarjejeniyar da mai nema ya amince da ita ya fi komai muhimmanci a duba tun ranar farko. Wanda ya ga an yi masa kuskure yana da wata guda ya nemi a sake duba hukuncin, in bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraren ƙorafin tallafi, wadda ba ta ƙarƙashin ma'aikatar kuma ba a biyan kuɗin shigar da ƙara a cikinta.