Babban gyaran gida: daga ina kuɗin zai fito?

Gidan da ya haura shekara talatin ba ya zuwa da matsala ɗaya. Kwano yana yoyo, katangar baya ta tsage, salga ta cika, wayoyin lantarki sun tsufa. Magini ya zo ya yi ƙiyasi, ka ji adadin da albashin shekara ba zai rufe ba. Kafin ka tambayi kowa rance, raba aikin gida biyu: wanda ba zai jira damina ba, da wanda zai iya jira. Kowanne da hanyar kuɗin da ta dace da shi.

Aikin da zai jira, kamar tayil, fenti ko ƙarin ɗaki, adashe ya ishe shi. Babu ruwa, babu cike takarda, amana ce kawai tsakaninka da uwar adashe. Aibinsa ɗaya: mai kwasar ƙarshe yana karɓar kuɗin da suka rame. Wanda ya shiga zubi a 2023 lokacin da buhun siminti yake wajen naira dubu biyar, ya kwasa a farkon 2024 buhu ya haura dubu goma, ya san zafin wannan. Don haka nemi kwasar farko ko ta tsakiya, kuma ranar da kuɗin suka shigo hannu ka mai da su kaya. Sayi kwano, rodi da bulo, waɗanda ajiya ba ta cutar da su. Siminti kam kada ka tara shi. 'Yan watanni kaɗan a ɗaki mai danshi ya daskare, ka yi asarar da kake gudu.

Ma'aikaci yana da wata ƙofar: ƙungiyar taimakon juna ta wurin aiki, inda ake cire biyan daga albashi. Wasu ba sa ɗora ruwa sai kuɗin hidima. Yawan abin da za su ba ka ya danganta da ajiyarka a wurinsu, saboda haka sabon shiga ba zai samu mai tsoka ba.

Idan rufi ne, kuma watan Mayu ya ƙarato, nan bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suke da amfani. Jaiz ya buɗe a 2012, TAJBank a 2019. Tsarin murabaha shi ne banki ya sayi kayan da kansa, ya sayar maka da ribar da kuka yi yarjejeniya a kanta, ka riƙa biya wata-wata, farashin ba ya motsi ko da kasuwa ta tashi. Abin da mutane kan manta shi ne murabaha cinikin kaya ce. Ladan magini, kafinta da leburori, wanda ba ƙaramin kaso ba ne, sai ka tanade shi daban. Kuma rashin ruwa ba ya nufin arha. Ka ce a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, ka gwada da farashin kayan a kasuwa yau.

A lissafi zalla, rancen gyaran gida na Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ya fi kowanne sauƙi ga masu zuba kashi 2.5 na albashi a asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992. Ruwansa kaɗan ne. Sai dai ruwa ruwa ne, magidanta da yawa a nan ko kusa da shi ba sa zuwa, wannan kuma hukuncin kowa ne da malaminsa. Ga shi takardun suna bin ofis-ofis; ba kuɗin da za ka dogara da su ba ne idan hadari ya riga ya haɗu.

Bankunan kasuwanci ban ga dalilinsu ba a wannan aiki. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, su kuma sama da haka suke ba da rance. Gidan da kake kwana a ciki ba ya kawo riba da za ta biya wannan. Manhajojin rance na waya sun fi muni: wa'adi gajere, ruwa mai yawa, in ka makara wasu su bi lambobin wayarka suna tona maka asiri wurin surukai.

Saura jingina. Ba da gona ko fili jingina don gyara gida tsohuwar hanya ce, amma a rubuta, da shaidu, da ranar fansa. Takardar gidan kansa kuwa, ni dai ba zan ajiye ta a hannun kowa saboda tayil ba. Mai shago a jikin gida yana da mafita mafi sauƙi: ɗan haya ya biya shekara biyu gaba ɗaya, a yi rufin da kuɗin, a rubuta masa cewa ba za a ƙara masa haya ba sai wa'adin ya cika.