Na'urar tsotse danshi mai lita 20 a gidan Legas: amfaninta da inda ƙarfinta ya tsaya

Duk wanda ya girma a Kano ko Katsina sannan zama ya kai shi Legas, akwai wata matsala da ba kasafai ake gargaɗinsa a kanta ba, wato danshin iska. A arewa idan hunturu ya kankama, danshi yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 har leɓe ya tsattsage. A bakin teku kuwa, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da kuma lokacin da ruwa ke dawowa a Satumba da Oktoba, kashi 80 ko fiye shi ne abin yau da kullum. Takalmin fata ya yi funfuna a cikin kwalinsa, babbar rigar shadda da aka goge aka adana don Sallah ta fito tana warin danshi, gishiri ya jiƙe a roba, takardun littattafai su kumbura su yi ɗigo-ɗigon rawaya. Wannan ne ya sa na sayi na'urar tsotse danshi, irin wadda aka rubuta mata lita 20 a rana, kuma na yi amfani da ita tsawon damina kafin in ce komai a kanta.

Irin waɗannan na'urori suna zuwa da sunaye daban-daban a kasuwa, mafi yawansu ƙirar ƙasar Sin ne, kuma tsarin aikinsu kusan ɗaya ne. A cikinta akwai fanka da kwampireso irin na firji. Fankar tana jawo iskar ɗaki ta bi ta kan wasu ƙarafa masu sanyi, sai ruwan da ke cikin iskar ya taru a jikinsu, kamar yadda gorar ruwan sanyi ke yin gumi idan an fito da ita daga firji, sannan ya ɗiga cikin tanki. Iskar kuma ta ratsa ta ɓangaren da ke da ɗumi ta dawo ɗaki a bushe. Tawa tsayinta bai wuce gwiwa da yawa ba, tana da tayoyi, tankinta yana ɗaukar kusan lita 5, kuma akwai allo a samanta da ke nuna yawan danshin ɗakin.

Abin da ya fi burge ni shi ne daren farko, domin na kunna ta bayan sallar Isha'i a ɗakin kwana da ke nuna sama da kashi 80, kafin asuba tanki ya cika ta kashe kanta. Mutum ba ya yarda cewa ruwa mai yawa haka yana rataye a iskar da iyalinsa ke shaƙa sai ya ɗaga tankin nan ya ji nauyinsa a hannu. Bayan ɗan lokaci ɗakin ya daidaita tsakanin kashi 50 zuwa 55, zanen gado ya daina yin laushin nan mai kama da jiƙa, warin da ke tashi idan an buɗe durowar kaya ya gushe, kuma baƙin tabon da ke dawowa bayan gado duk lokacin da aka goge shi bai sake fitowa ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a riƙe danshin cikin gida ƙasa da kashi 60, domin sama da haka ne funfuna ke samun wurin zama, haka ma ƙananan ƙwarin ƙura da ke cikin katifa waɗanda ke tayar wa masu asma ciwo. Ga gidan da ke da yaro mai wannan lalura, wannan kaɗai ya isa dalilin saye.

Sai dai lita 20 ɗin da aka rubuta a kwali tana buƙatar bayani. Ana auna wannan adadi ne a zafin digiri 30 da danshi kashi 80, kuma na'urar tana aiki awa 24 ba tsayawa. Da zarar ɗaki ya fara bushewa, ruwan da take tarawa sai ya ragu sosai, wanda ba lalacewa ba ne, alama ce ta cewa aiki yana ci. Haka nan ƙarfinta na ɗaki ɗaya ne mai rufaffiyar ƙofa da taga. Idan aka ajiye ta a falo ana shiga ana fita, tagogi a buɗe suna kallon iskar teku, to wutar lantarki kawai ake ƙonawa, domin ba za ta iya busar da iskar unguwa gaba ɗaya ba.

Aibinta na farko shi ne zafi. Iskar da take fitarwa ta ɗan fi ta ɗakin ɗumi, kuma a garin da dama ake fama da gumi, rufe taga a kunna abin da ke ƙara zafi ba ƙaramin haƙuri ba ne. Na fi samun sauƙi da na koma kunna ta da rana lokacin da ba kowa a ɗakin, da dare kuma a wadatu da fanka. Wanda yake da na'urar sanyaya ɗaki ya sani cewa ita ma tana cire danshi, da yawansu ma suna da maɓallin busarwa, don haka ya gwada wannan tukuna kafin ya kashe kuɗi. Ƙarar na'urar tsotse danshin kuwa ta ɗara ta firji, mai saurin farkawa zai ji ta.

Batun wuta shi ne ya kamata mai saye ya zauna ya lissafa da kyau. Tana cin kusan wat 350, wato idan ta yi awa takwas ta sha yunit uku saura kaɗan. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kuma a farashin wancan lokacin kuɗin yini ɗaya ya haura naira 600, a wata kuma ya kusa naira 19,000. Ba kuɗi ne na raini ba ga mai albashi, ko da yake idan aka kwatanta da asarar shadda da takalma da katifa, lissafin yakan rinjaya wajen na'urar. A tabbata an zaɓi wadda ke tashi da kanta idan an dawo da wuta, tana riƙe da adadin da aka saita mata, a kuma haɗa ta da sitabilaiza saboda kwampireso ba ya jure hawa da saukar wuta. Ƙaramin janareto yana ɗaukarta, amma takan ja wuta da ƙarfi a daidai lokacin tashi. Masu sayen na hannu su duba bayanta, domin wadda aka kawo daga Amurka ta wuta mai ƙarfin volt 120 ce, tamu kuwa volt 230.

Akwai abin da ba za ta iya ba, kuma nan ne na ga mutane suna yi mata zargin da ba nata ba. Idan danshin yana tasowa ne daga ƙasa ta cikin bango, abin da ya yawaita a gidajen da aka gina a kan fadama da wuraren da aka cike da yashi, ko rufi yana yoyo, ko bututu ya fashe a cikin gini, na'urar za ta yi ta cika tanki bangon kuma yana ci gaba da tumɓuke fenti. Wannan aikin magini ne da mai gida. Saboda haka nake ba da shawarar a fara sayen ƙaramin ma'aunin danshi, wanda kuɗinsa kaɗan ne, a ajiye shi ɗaki-ɗaki a ga inda matsalar ta fi tsanani. Durowar kaya ita kaɗai kuwa, robobin gishirin nan masu tsotse laima sun ishe ta, muddin ana sauya su, kuma an janye ta daga jikin bango.

Kulawa da ita ba wuya. A wanke ragar bayanta duk bayan mako biyu, a bar tazara tsakaninta da bango, idan an ɗauko ta a kwance a bar ta a tsaye na wasu awoyi kafin a kunna. Tana da kafar da ake jona tiyo ruwan ya zarce banɗaki, wanda ya raba ni da zubar da tanki. Ruwan nata ba na sha ba ne, amma yana goge daɓe. Mazauna Lekki da Ajah da sauran unguwannin da ke dab da teku su riƙa leƙa ƙarafan cikinta, domin gishirin da ke cikin iska yana jawo tsatsa da wuri, kuma su nemi takardar garanti a rubuce tun a shago. Daga Disamba zuwa Janairu, idan iskar hunturu ta iso kudu, sai a zubar da ruwanta, a busar da tankin, a rufe ta da leda har ruwan farko ya sauka.