Yadda na zaɓi ƙaramin ampilin jita a birnin Faris

'Yan uwana na Maradi, ina gaishe ku da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Abokan da muka fara koyon jita tare a unguwar Zariya sun sha tambayata ko na bar kiɗa tun da na zo Faransa, shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin wani ɗan abu da na saya, da kuma yadda aka sayar mini da shi, domin sayarwar ta fi abin tsaya mini a rai.

Gidajen da irinmu ke haya a nan benaye ne masu ɗakuna manne da juna, bangonsu kuma ba ya tare sauti, har tarin maƙwabci kana ji. Dokar ƙasar ta tanadi tarar yuro 68 ga wanda ya dami mutane da hayaniya, wato jika 44 da ɗoriya a kuɗinmu, tun da yuro ɗaya yana daidai da sefa kusan 656. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne maƙwabcin ba lalle ya yi maka sallama ya ce ka rage ba. Sai dai ka tarar da takarda a ƙarƙashin ƙofa, ko ka ji ya kai ƙara wajen mai gida. Ita kuwa jita mai lantarki icce ne cikakke da ba shi da ƙogo, maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyinta ne ke ɗaukar motsinsu ya mayar da shi wani rarraunan lantarki, saboda haka in babu ampili, wato na'urar da ke ƙara wa sautin ƙarfi, ba ka jin komai sai ƙis-ƙis. Maganin da aka samo shi ne ampili ɗan ƙarami da ake sokawa kai tsaye a jikin jita, a haɗa masa ekutar, wato abin sauraro na sawa a kunne, mutum ya ji kiɗansa cikin kunnensa shi kaɗai.

Na tafi unguwar Pigalle, inda shagunan jita suke jere a titin Douai da titin Victor Massé, na shiga wani daga cikinsu da nufin in tambayi kuɗi in fita. Mai shagon, wani dattijo mai furfura, bai fara da maganar kuɗi ba. Ya tambaye ni wace irin jita nake da ita, wane irin kiɗa nake yi, da wane lokaci nake samun zama in kaɗa. Da na ce masa daga Nijar nake, kuma salon mutanen Agadez ne ya fi jan hankalina, sai ya ambaci makaɗan jita Bombino da Mdou Moctar da kansa, ya ce ashe sautin da nake nema mai tsabta ne da ɗan kaushi kaɗan. Ya sauko da jita irin tawa daga bango, wadda kuɗinta ya fi albashina na wata, ya miƙo mini ba tare da ya kalli takalmina ko rigata ba, ya ajiye mini kujera, ya jera ampili uku a gabana, ya ce in gwada har sai kunnena ya gamsu, sannan ya koma wajen wasu masu saye.

Na farko shi ne Vox amPlug, wanda kuɗinsa ke wajen yuro 50. Yana aiki da ƙananan batura biyu irin na rimot, kuma suna kai shi fiye da sa'o'i 10. Sauƙinsa shi ne babu abin koyo a cikinsa, ƙafafun murɗawa ne guda uku. Iyakarsa kuma ita ce kowane samfuri da irin muryarsa, in ka sayi na kiɗa mai kaushi ba zai ba ka tattausan sauti yadda kake so ba. Na biyu shi ne Fender Mustang Micro, wanda ya fito a 2021, kuɗinsa kusan ninkin na farko, yana kwaikwayon muryar manyan ampili 12, ana yi masa caji kamar salula, amma batirinsa bai wuce sa'o'i 4 da 'yan kai ba. Na uku shi ne Boss Katana Go na 2024, wanda ya fi su yawan sautuka da tsada, sai dai ba ka cin cikakkiyar moriyarsa sai ka sauke manhajarsa a salula kana daidaita shi daga can.

Da dattijon ya dawo ya ga ina jujjuya mafi tsadar, sai ya ce mini, "Malam, wannan ya yi maka yawa. Za ka ɓata darenka kana latsa salula maimakon kaɗa jita." Ya nuna mini na tsakiyar, ya ce shi ya dace da wanda ke son bin waƙa yana koyo, domin yana karɓar waƙa daga salula ta Bluetooth ya haɗa ta da sautin jitar a kunne. Ya kuma ja kunnena cewa wannan Bluetooth ɗin na shigo da waƙa ne kawai, ekutar dole ta zama mai igiya, saboda maras igiya tana jinkirta sauti, ka taɓa tsirkiya yanzu ka ji ta bayan ɗan lokaci, abin da ke lalata hannun mai koyo. Na ce to ya haɗa mini da ekutar mai kyau. Ya karɓi tsohuwar da ke cikin jakata, ya duba rubutun jikinta ya ga om 32, wato ma'aunin yadda take turje wa lantarki, ya ce ta wadatar, domin manyan nan masu om 250 da ake amfani da su a ɗakin ɗaukar waƙa sun fi ƙarfin ɗan ampili, sauti zai fito a raunane. Mutum ya hana kansa ciniki sau biyu a zama ɗaya, sannan ya miƙo mini rasit ya ce in adana shi, domin doka ta ba ni garanti na shekara 2.

Tun daga ranar nake tuna yadda muke saye da sayarwa a gida, raina yana ɓaci. Maradi gari ne na fatake, sunanmu ya kai ko'ina a kan kasuwanci, amma sau nawa mai shagon kayan lantarki ya taɓa ce maka wannan ya fi ƙarfin bukatarka, ɗauki mai araha? Za a rantse maka cewa abu na asali ne alhali mai rantsuwar ya san daga inda ya ɗauko shi, a gwada maka shi na ƙiftawar ido a kan tebur, da zarar ka taka ƙofa kuma shi ke nan, in ya lalace washegari a ce hannunka ne. Yaron da ya shiga da tsofaffin silifa ba a ma barinsa ya taɓa kaya. Mu ne muke da addinin da ya hana ɓoye aibin haja, kuma muna jin wa'azin a kowace Juma'a, shi ya sa abin ya fi yi mini zafi da na ga wanda bai taɓa jin wa'azin ba yana aiki da shi.

Ban ce komai na nan daidai yake ba. Babu tayi, babu albarka, babu ragi don an san mahaifinka. Kuɗin da aka liƙa shi za ka biya, kuma na yi kewar wannan ja-in-ja da ke ƙarewa da dariya da shan shayi. Gyara kuma kusan babu shi. Na tambayi dattijon abin da zan yi in batirin da ke cikin na'urar ya mutu bayan garanti ya ƙare, ya ce kuɗin aikin mai gyara zai kusan kai na sabuwa. A Maradi mai gyaran rediyo zai buɗe ta, ya nemo batirin da ya yi daidai, ya liƙe da dalma, ka biya shi abin da bai taka kara ya karya ba. Sannan akwai kaɗaicin abin: kana kaɗa abin da ya yi maka daɗi, babu wanda zai leƙo ya ce ka maimaita.

Duk da haka, ina ganin wannan na'ura ta fi amfani a Maradi fiye da nan. Ba ta damu da ɗaukewar wuta ba, kuma mun san samari da yawa da ke son koyon jita amma suna tsoron a ji su a gida a ce sun zama maroƙa, ko su dami tsofaffi da masu karatun dare. Wanda zai aika a sayo masa, shawarata ita ce ya fara duba mai batura, domin batura ana samunsu a kowane tebur, zafinmu na watan Afrilu kuma yana saurin kashe batirin caji. In an sayo mai cajin, kada a bar shi a rana ko cikin mota. A duba ramin igiyar jitar tukuna, domin na wasu a gefe yake, na wasu a lotse a fuska, ko da yake kan sokawar waɗannan na'urori yana juyawa. Mai jitar bas ya nemi samfurin da aka yi domin bas. A kuma kula da ƙarar, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) na sa'o'i 40 a mako shi ne iyakar abin da kunnen babba ke ɗauka lafiya, mai kiɗa kuwa yana ƙara murɗawa bai sani ba. In ta intanet ɗan uwanku zai saya a nan Turai, ku ce masa ya gwada ta da jita kafin ya ba mai tafiya gida, domin kwana 14 doka ta ba shi ya mayar da ita a ba shi kuɗinsa, kuma sau da yawa kwanakin suna ƙarewa kafin saƙon ya iso Maradi.