Birnin Kebbi zuwa Abuja: ta sama ko ta ƙasa?

Hajiya, kin tambayi nisan Birnin Kebbi da Abuja, da kuma awa nawa jirgi yake yi, don ki san ta inda za ki kai Inna ganin likita. Allah ya ba ta lafiya.

A miƙe, yadda jirgi ke bi, nisan kusan kilomita 500 ne, kuma daga tashi zuwa sauka awa ɗaya ce ko da ɗan ɗori. Ta titi kuwa ya haura kilomita 600, domin hanyar sai ta gangara kudu tukuna: Kalgo, Jega, Koko, Yauri, a shiga jihar Neja ta Kontagora, a bi Tegina da Zungeru a faɗa Minna, sannan Lambata, Suleja, Zuba. Ki ba motar haya awa tara zuwa goma sha ɗaya, gwargwadon halin titi da yawan shingen jami'an tsaro. Ban da zaman jiran lodi a tasha, tunda direba ba ya tashi sai mota ta cika.

Sai dai awa ɗayar nan ta cikin iska ce kawai. Filin jirgin Sir Ahmadu Bello yana Ambursa ne, wajen gari, kuma ana so ki isa aƙalla awa ɗaya kafin tashi don auna kaya da bincike. In kun sauka, filin Nnamdi Azikiwe kusan kilomita 40 yake da tsakiyar Abuja, ga cunkoson Lugbe in kun yi daidai da lokacin 'yan aiki. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar asibiti ki lissafa awa huɗu. Duk da haka bai kai rabin na mota ba, kuma tsohuwa mai ciwon baya ba za ta wuni a matse tsakanin mutane, jaka a kan cinya, ana faɗawa ramuka da ita ba.

Inda mota ta fi shi, kuɗi da kaya. Kuɗin tikitin mutum ɗaya zai kai ku duka biyun ta titi har da canji, ki jefa buhun shinkafa a but, ki sayi busasshen kifi a Yauri na tsaraba. Jirgi kilo yake aunawa, abin da ya ɗara ki biya. Mota kuma kullum akwai ta. Jirgin Kebbi sai kin duba ranakun tashinsa, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan sa a jinkirta ko a soke tashi. In ranar ba ta yi daidai ba, Sakkwato tana nan ta Argungu, tafiyar kamar awa biyu, ki hau a filin Sultan Abubakar III.

Duk wannan lissafin na mazaunin Birnin Kebbi ne fa. Mutumin Yauri ya riga ya ci wajen kashi ɗaya cikin uku na hanya, komawa Ambursa baya ce gare shi.

Ni dai ga Inna, jirgi. Ki sayi tikitin jajibirin ranar likita, don in an soke tashi ku sami sararin sake shiri. In kuma aljihu ya ce mota, ku fita da an sallame Asuba, kada duhu ya riske ku tsakanin Kontagora da Tegina.