PhotoRec da untrunc: yadda na ceto bidiyon biki daga memorin da ya lalace

Ɗaukar bidiyo a bukukuwa ita ce sana'ata a nan Zariya, shekara takwas ke nan ina yi. Wata Asabar da daddare na dawo daga kai amarya, na zare memori daga kyamara na sa a kwamfuta don in kwashe aikin, sai Windows ta fito da saƙo cewa sai an yi wa katin fomat kafin a iya amfani da shi. Na cire na mayar, haka. Na canza na'urar karanta kati, haka. Na mayar da shi cikin kyamara, ita ma ta ce ba ta gane shi ba. A cikin katin nan mai gigabayit 32 akwai aikin kwana uku: kamu ranar Alhamis, ɗaurin aure bayan sallar Juma'a, sai faɗan da mahaifin amarya ya yi mata kafin a fita da ita. Kuma an riga an biya ni rabin kuɗin aiki.

Na san lokacin da abin ya faru. Alhaji yana tsakiyar yi wa 'yarsa nasiha, ɗaki ya yi tsit sai sheshshekar kuka, batir ya ƙare, kyamara ta mutu tana cikin rubutu a kan katin. Na canza batir na ci gaba da ɗauka da wani memorin, ban kawo komai a raina ba sai da na iso gida.

Cikin daren na kira wani abokina mai gyaran kwamfuta. Kafin in gama bayani ya katse ni: "Ɗan'uwa, kar ka kuskura ka danna fomat. Kar kuma ka bari Windows ta ce za ta gyara maka shi. Ja ɗan makullin nan na gefen katin ƙasa, ka ajiye shi, gobe mu yi magana." Duk abin da na samu daga baya, a kan wannan shawarar ya tsayu. Dalilin kuwa shi ne, a mafi yawan lokuta idan memori ya yi irin wannan, bidiyon yana nan kwance bai je ko'ina ba. Abin da ya lalace shi ne ɗan jadawalin da ke farkon katin, wanda ke nuna sunan kowane fayil da inda ya fara da inda ya ƙare. Kamar kanti ne da littafin lissafinsa ya jiƙe, amma kaya suna nan a kan kanta. Duk sabon abin da ka rubuta a katin, ko hoto ɗaya ne, yana iya sauka a kan tsohon aikin ya danne shi, kuma abin da aka danne ba manhajar da za ta dawo da shi.

Kafin gari ya waye haƙuri ya gaza mini, na sauke wata manhaja ta kuɗi daga cikin waɗanda ke fitowa a sama idan mutum ya bincika a intanet. Ta yi awa biyu tana bincike, ta jero mini ƙananan hotuna na kamu da ɗaurin aure, sannan ta ce in biya da dala kafin in kwashe. Ban ce ba ta aiki ba, don ban biya ba balle in gwada. Abin da ya tsayar da ni shi ne ɗan ƙaramin hoto ba ya tabbatar da cewa bidiyon minti goma sha biyar zai buɗe daga farko har ƙarshe. Na rufe ta.

Washegari abokin nawa ya nuna mini PhotoRec, manhajar ceto fayilolin da suka ɓace. Kyauta ce, wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ne ya rubuta ta, kuma tana zuwa a ƙunshi ɗaya da 'yar'uwarta TestDisk daga shafin CGSecurity. Na sauke fitowa ta 7.2, wadda aka saki a 2024. Ba ta da nauyi, ba ta cin data, ba a ma girka ta: ka buɗe ƙunshin ka danna kawai. Sunanta na iya sa mutum ya ɗauka hotuna kaɗai take dawo da su, alhali tana gane ɗaruruwan nau'o'in fayil, har da bidiyo da sauti da takardu.

Matakin farko ba da PhotoRec muka yi shi ba. Da TestDisk muka ɗauki kwafin katin gaba ɗayansa, lafiyayyen wuri da lalatacce, zuwa fayil guda mai suna image.dd a kan kwamfuta. Girman wannan fayil daidai yake da girman katin, don haka sai ka tanadi wurin da ya kai, ka kuma ƙara wani wurin na abin da za a ceto. Daga nan muka cire memorin muka sa a ambulan, sauran aikin duka a kan kwafin aka yi shi. Ina ganin wannan ya zama dole ga duk wanda aikin da ke katin yake da muhimmanci a wurinsa, domin katin da ya fara ciwo yana iya mutuwa gaba ɗaya ana cikin karanta shi, kuma kwafi kana iya bincika shi sau goma ba abin da zai same shi.

Fuskar PhotoRec ba ta da kyan gani, wannan gaskiya ne. Baƙin allo ne da farin rubutu, da maɓallan kibiya ake yawo a ciki, komai kuma da Turanci. Akwai QPhotoRec a cikin ƙunshin, mai tagogi irin waɗanda aka saba, ga wanda baƙin allo ke firgitawa. Ni dai da baƙin na yi aiki saboda ya fi ba da zaɓi. Na shiga File Opt na cire alama daga komai, na bar nau'in bidiyon kyamarata kawai, don kada ta cika mini folda da tarkacen da ba na nema. A Options na kunna zaɓin da ke hana ta zubar da fayilolin da ta ga sun lalace, domin na san wanda na fi buƙata yana cikinsu. Da ta tambayi inda za ta bincika na zaɓi Whole, wato katin duka. Sai na nuna mata foldar da za ta zuba abin da ta samo. Ko da wasa kada wannan folda ta kasance a kan katin da ake ceto.

Yadda take aiki shi ne ba ta kula da jadawalin da ya lalace. Tana bin katin daga farko zuwa ƙarshe tana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita, idan ta gani ta yanko. Cikin ƙasa da awa guda ta gama, ta bar mini folda mai suna recup_dir.1.

A nan ne na ga bambancin tsarin ɗauka guda biyu da idona, abin da a da ban taɓa damuwa da shi ba. Kamu da ɗaurin aure na ɗauke su a tsarin AVCHD, wanda kamfanonin Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006, mai fayilolin MTS. Wannan tsari yana jera bidiyo ne a ƙananan ƙulli masu bayit 192 kowanne, ɗaya bayan ɗaya, don haka ko an datse fayil a tsakiya, abin da ya rage yana buɗewa. Duk na waɗannan kwana biyun sun dawo, na buɗe su a VLC, manhajar kallon bidiyo, ɗaya bayan ɗaya, na kalli kowanne har ƙarshe. Guda ɗaya ne kawai hoton ya ɗan farfashe na daƙiƙa kaɗan, daidai lokacin da ake raba goro da alawa, wurin da dama zan yanke. Da na ga liman ya ɗaga hannu ana fatiha, hoto tas, murya tas, sai da na yi hamdala da ƙarfi har maƙwabcin shagon ya leƙo.

Amma PhotoRec ba ta dawo da sunaye, ba ta dawo da tsarin folda. Maimakon 00000.MTS da 00001.MTS a jere, sai ka ga harafin f da dogayen lambobi. Lambobin suna nuna wurin da ta tsinci fayil ɗin a kan katin, saboda haka idan ka jera su daga ƙarami zuwa babba sukan zo kusa da yadda aka ɗauka, musamman idan an yi wa katin fomat kafin a fara aiki, kamar yadda na saba yi. Duk da haka sai da na ɓata yini guda ina kallo ina sake sa suna. Ga kuma wani abu: memori irin nawa, wanda ake kira SDHC, yana kan tsarin ajiya na FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabayit 4, shi ya sa kyamarori ke yanka doguwar ɗauka gunduwa-gunduwa. Tawa tana yankawa kusan kowane gigabayit 2. Da jadawalin yana nan, manhajar kyamara ce ke haɗe su da kanta. Yanzu sai da na gano waɗanda suke ɗauka ɗaya ce, na haɗa su da hannu.

Faɗan Alhaji kuwa a tsarin MP4 na ɗauke shi, domin yayan amarya ya roƙe ni in ba shi a daren ya tura wa dangi da ke Yamai ta WhatsApp. PhotoRec ta fito da fayil ɗin, girmansa ya haura gigabayit ɗaya, amma VLC ta ƙi buɗe shi, manhajar tace bidiyo ma ta ƙi. MP4 yana da wani ɓangare da ake kira moov, wanda shi ne taswirar da ke nuna inda kowane hoto da kowane sauti yake a cikin fayil. Kyamara ba ta rubuta shi sai ka danna maɓallin tsayawa. Batir ya mutu kafin in danna, don haka naman bidiyon yana nan, taswirar ce babu. Wannan ba aikin PhotoRec ba ne, ita nata ta yanko ne, ba ta gyara.

Na kira Alhaji a ranar, don ban ga amfanin ɓoyewa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, an samu matsala a katin. Kamu da ɗaurin aure sun tsira, amma maganar da ka yi wa amarya har yanzu ina fama." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Ɗana, ita ce autata, kuma maganar nan ba zan iya maimaita ta ba. Ka yi iya ƙoƙarinka, abin da Allah ya nufa shi zai kasance." Wannan magana ta fi mini nauyi a kan a ce faɗa ya yi mini.

Abin da ya fitar da ni ita ce wata ƙaramar manhaja mai suna untrunc, ita ma kyauta, ana samun ta a shafin intanet na GitHub. Tana buƙatar abu biyu: fayil ɗin da ya lalace, da wani lafiyayye da aka ɗauka da kyamara ɗaya a kan saiti ɗaya. Tana duba lafiyayyen ta fahimci yadda kyamarar ke jera hoto da sauti, sai ta gina wa lalataccen sabuwar taswira. Da farko na ba ta wani tsohon bidiyo da na ɗauka a wani saitin daban, abin da ta fitar allo kore ne da ƙara. Na koma na ɗauko bidiyon fitar amarya da na ɗauka a ɗaya memorin mintuna kaɗan bayan batir ya mutu, ban taɓa saitin ba. Da shi ta fitar da sabon fayil mai kalmar fixed a jikin sunansa, na danna, sai ga Alhaji zaune a kan darduma, amarya a gabansa lulluɓe da mayafi.

Ba cikakke ya dawo ba. Wajen ƙarshe murya ta riga baki da ɗan kaɗan, sai da na raba sauti da hoto a wurin tacewa na daidaita su da hannu. Daƙiƙun ƙarshe kafin kyamarar ta mutu kuma babu su sam, domin ba su taɓa sauka a kan katin ba. Minti tara da 'yan kai na samu, kuma a cikinsu akwai duk inda ya yi mata maganar haƙuri da riƙon sallah da zumunci.

Ga wanda ke tambaya ko in ba shi shawarar waɗannan manhajoji: ƙwarai kuwa, musamman mu masu ɗaukar biki da suna da saukar Alƙur'ani, da aikinmu ba a cewa a sake. Sai dai a san iyakarsu. Idan kwamfuta ba ta ganin katin kwata-kwata, ko tana nuna girman da ba nasa ba, to ciwon a jikin katin yake, manhaja ba za ta yi komai ba. Idan kati ne da aka daɗe ana gogewa ana ƙarawa ba tare da fomat ba, bidiyo yakan warwatsu a wurare daban-daban, kuma PhotoRec tana shan wahala da irin wannan, takan fito da rabi ko ta haɗa da guntun wani. Sannan akwai jabun memori da suka cika kasuwa, wanda aka rubuta 64 a jikinsa alhali ainihin cikinsa bai kai haka ba. Irin wannan, duk abin da ka ɗauka bayan ya cika na gaskiya ya tafi ke nan, domin babu inda aka ajiye shi tun farko.

Saboda wannan na ƙarshen, bayan na kwafe aikin a wuri biyu, na gwada katin da H2testw, manhajar da ke cika kati da bayanai ta sake karantawa don ta ga ko abin da ta rubuta shi ya dawo. Tana rubutu a kan katin, don haka ba a taɓa ta sai an gama ceto. Girman nawa na gaskiya ne, amma ta nuna kurakurai a wani yanki, don haka na daina aiki da shi. Sauran katunan shagon guda biyar duk na bi su da gwajin, lafiyarsu lau. Na kuma sayi batir na uku, ina canzawa tun yana saura layi ɗaya, kafin a shiga wurin faɗa ko fatiha.

Ranar Laraba na kai wa Alhaji aikin a filas. Ya sa aka kunna a talabijin ɗin falo, ya ce a wuce kamu a kai shi wurin nasihar. Ya kalla har inda hoton ya tsaya cak yana tsakiyar jimla. Na fara ba shi haƙuri a kan guntun da ya ɓata, ya ɗaga mini hannu ya ce abin da ya rage addu'a ce kawai, kuma ita ta ji ta da kunnenta. Ya kira yayan amarya ya ce a tura wa mutanen Yamai, sannan ya cika mini sauran kuɗina.